Jinin dasashi da cutar korona: shin ciwon baki yana sa cutar ta tsananta?

"Assalamu alaikum Dokta. Ni ɗan kasuwa ne a Garwa ta ƙasar Kamaru. A 2021 mahaifinmu ya kwanta da korona, numfashi ya gagara, aka sa masa oksijin, bayan 'yan kwanaki Allah Ya karɓi abinsa. Yana da ciwon suga, kuma ya yi shekaru bakinsa yana jini, haƙoransa suna girgiɗi, mu kuwa muna ɗauka tsufa ne da cin goro. To kwanan nan aka turo mini wani saƙon murya a WhatsApp, ana cewa an gano mai ciwon dasashi ya fi mutuwa da korona har sau tara. Tun da na ji hankalina bai kwanta ba. Shin bakin ne ya jawo masa? Ga kuma Hajiyarmu, ita ma in ta yi asuwaki sai jini, haƙoranta biyu na ƙasa suna motsi. In korona ta dawo tana cikin haɗari ke nan? Me za mu yi mata?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Tambayarka gida uku ce: ko maganar "sau tara" gaskiya ce, ko bakin Baba yana da hannu a abin da ya same shi, sannan me ya kamata a yi wa Hajiya. Ni likitan haƙori ne, kuma irin bakin da ka kwatanta shi ne abin da na fi gani a wurin dattawanmu. Saƙon da aka turo maka yana da tushe, ba ƙirƙira ba ce, amma an yanke masa kai da ƙafa kafin ya iso wayarka. Akwai alaƙa tsakanin ciwon dasashi da tsananin korona, an ga hakan a ƙasashe da dama. Abin da ba a tabbatar ba shi ne cewa dasashin ne da kansa yake sa cutar ta yi kisa. Hajiya kuwa tana bukatar a duba ta a wannan makon, ko da korona ba ta sake leƙo ƙasar nan ba har abada.

Inda "sau tara" ya samo asali

A farkon 2021 wata mujallar likitocin dasashi ta duniya ta buga binciken da aka yi a ƙasar Katar. An ɗauki bayanan mutum 568 da suka kamu da korona tsakanin Fabrairu da Yulin 2020, waɗanda dama akwai tsofaffin hotunan haƙoransu a rumbun asibiti. Daga hoton ake gane ko ƙashin da ke riƙe da haƙori ya zaizaye. Mutum 258 suna da wannan zaizayar, 310 kuma ba su da ita ko kaɗan ce ƙwarai. A cikin 258 ɗin, 33 ne ciwo ya yi wa tsanani, wato an kai su sashen kulawa ta musamman, ko an sa musu na'urar numfashi, ko sun rasu. A cikin 310 kuwa mutum 7 ne kacal. Da aka yi lissafi, aka cire tasirin shekaru da suga da shan taba da makamantansu gwargwadon iko, sai ya fito cewa masu ciwon dasashi sun fi shiga sashen kulawa ta musamman da ninki 3.5, sun fi bukatar na'urar numfashi da ninki 4.5, sun fi mutuwa da kusan ninki 9. To ka ji inda mai saƙon muryar ya tsinci lambarsa.

Abin da bai faɗa maka ba shi ne, waɗanda suka rasu a binciken gaba ɗaya mutum 14 ne. Lissafin da aka gina a kan mutum 14 ba ya tsayawa da ƙafarsa. Mutum ɗaya ko biyu su sauya ɓangare, lambar ta canza sosai. Masu binciken ba su ɓoye wannan ba. Sun rubuta cewa ainihin adadin yana iya kasancewa ko'ina daga ninki 1, wato babu bambanci ko kaɗan, har zuwa ninki 77. Lambobin sashen kulawa ta musamman da na na'urar numfashi sun fi ƙarfi a wurina, don mutanen da aka ƙirga sun fi yawa.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi ta farko girma. Wane ne yake da ciwon dasashi mai tsanani? Galibi dattijo ne, ko mai suga, ko mashayin taba, ko talakan da bai taɓa zama a kujerar likitan haƙori ba. Wane ne korona ta fi kayarwa? Su ɗin ne dai. Masu lissafi suna ƙoƙarin raba waɗannan abubuwa, amma ba a iya raba su tsaf. Mutum biyu duka an rubuta musu "mai suga" a takarda, ɗaya sugansa a daidaice yake, ɗaya ya yi shekara goma yana hawa yadda ya ga dama. Na biyun shi ne dasashinsa zai lalace, shi ne kuma korona za ta fi wahalarwa.

An yi wasu binciken bayan wannan. A Ingila an duba bayanan dubban mutane, aka ga masu kukan jini ko zafin dasashi ba su fi kowa kamuwa da korona ba, amma in sun kamu haɗarin mutuwarsu ya ɗan ɗara, bai kai ninki biyu ba. A Indiya an samu ƙwayar koronar a cikin ruwan da ke tsatsowa daga gefen dasashi. A Burazil an same ta a naman dasashin wasu da cutar ta kashe. Duk waɗannan suna nuna gefe guda, shi ya sa ba na ɗaukar maganar da wasa. Amma duk kallo ne aka yi aka ƙirga. Hujja mai yanke gardama ita ce a raba mutane biyu, a yi wa rabi maganin dasashi, a bar rabi, a ga wa korona za ta fi kayarwa, kuma lambar "sau tara" ba daga irin wannan gwajin ta fito ba.

Mene ne ciwon dasashi, kuma me ya haɗa shi da huhu

Yana farawa da farin dattin nan mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, wanda in ka karce da farce da safe za ka gan shi. Ba ragowar tuwo ba ne, taron ƙwayoyin bakteriya ne. A 1965 a ƙasar Denmak an sa wasu masu lafiyayyen baki su daina wanke haƙori. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura ya fara jini, da suka koma wankewa kuma cikin mako guda ya lafa. Wannan matakin farko ke nan, yana warkewa sarai. In aka bar dattin, gishirin da ke cikin miyau sai ya daskarar da shi ya zama dutse, wanda asuwaki ko buroshi ba sa iya cirewa. Dasashi ya fara sakin haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu, ƙashin muƙamuƙi ya fara narkewa a hankali, shekara da shekaru, yawanci ba tare da zafi ba. Rashin zafin ne yake yaudarar mutane. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya, sama da mutum biliyan ɗaya, suna da irin mai tsanani.

In dattijo ya buɗe mini baki, wurin da nake fara dubawa shi ne bayan haƙoran gaba na ƙasa, inda harshe yake taɓawa. Sau da yawa ba a ma ganin haƙoran ɗaya bayan ɗaya, sai wani dunƙule guda, ruwan ƙasa ko baƙi saboda goro da shayi, ya haɗe su. Muna da wani siririn ƙarfe mai zane-zanen awo da muke zurawa a hankali tsakanin haƙori da dasashi. A lafiyayyen baki yana tsayawa a milimita 1 zuwa 3. A irin wannan bakin sai ka ga ya nutse 6, 7, 8, kana zaro shi jini ya biyo baya, wani lokaci da ɗigon mugunya, ga warin da iyali suka daɗe suna ji suna kunyar faɗa. In aka haɗa faɗin duk waɗannan ramukan a bakin da ya lalace sosai, masana sun ƙiyasta yana kaiwa santimita murabba'i 8 zuwa 20. Da gyambo mai wannan faɗin a ƙafar Hajiya yake, da ba wanda zai kwana bai kai ta asibiti ba.

Daga wannan gyambon zuwa huhu akwai hanyoyin da ake zato. Ɗaya ta jini ce. Jikin mai ciwon dasashi kullum a cikin ɗan yaƙi yake, sinadaran kumburi irin su IL-6 da CRP suna ɗan sama a jininsa. Korona mai tsanani kuwa, a mako na biyu, ba ƙwayar ce kaɗai take ɓarna ba, garkuwar jiki ce take wuce gona da iri har ta lalata huhun mai ita. Shi ya sa maganin da ya fara nuna yana ceton rai, a gwajin da aka yi a Ingila a Yunin 2020, ya kasance desametazon, mai kwantar da kumburi, wanda ya rage mutuwar masu na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku. A binciken Katar ma an ga CRP da fararen ƙwayoyin jini da alamar daskarewar jini sun fi hawa a masu ciwon dasashi. Wata hanyar kuma ita ce bakin da kansa masauki ne ga ƙwayar: an nuna a 2021 cewa tana shiga ƙwayoyin halittar da ke samar da miyau tana hayayyafa a can.

Hanyar da ni na fi ba wa nauyi ita ce mafi sauƙin ganewa, kuma an san ta tun kafin a ji sunan korona. Mutane da yawa suna ɗan shaƙar miyau zuwa huhu in suna barci. Mai lafiya tari da garkuwar huhu suna share shi. Amma tsohon da ke kwance, numfashi yana fita da ƙyar, baki a buɗe ya bushe saboda oksijin da zazzaɓi, ga ƙwarewa in an ba shi kunu, ba wanda ya tuna da wanke masa baki tun ranar da ya kwanta, wannan abin da yake gangarawa huhunsa miyau ne cike da bakteriya. Huhun da korona ta riga ta raunata sai ciwon nimoniya ya hau kansa. A nan akwai gwaji na gaske. A Japan an bi tsofaffi 417 a gidajen kula da tsofaffi 11 har shekara biyu, rabi ana wanke musu baki bayan kowane abinci, rabi an bar su yadda suka saba. Waɗanda aka bari kashi 19 cikin 100 sun yi nimoniya, waɗanda ake wankewa kashi 11. A ƙarshen 2023 kuma an tattara gwaje-gwaje 15 na marasa lafiya a asibiti, aka ga goge haƙori kullum yana rage nimoniyar da ake kamuwa da ita a gadon asibiti, musamman ga masu na'urar numfashi. Wannan ilimin ya shafi mura mai tsanani ta lokacin hunturu, ya shafi mai shanyewar ɓarin jiki, ya shafi duk tsohon da ya kwanta.

Game da Baba

Ban ga Baba ba, ban ga takardunsa ba, kuma ko likitan da ya tsaya a kansa ba zai iya ware maka ya ce kaso kaza na baki ne, kaso kaza na suga ba. Abin da aka tabbatar a duk duniya shi ne manyan abubuwan da ke sa korona ta yi tsanani su ne yawan shekaru, sai suga, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon ƙoda da ƙiba. Baba yana da biyu daga cikin manya. Su kaɗai sun isa su bayyana abin da ya faru.

Kada ka ɗora wa kanka laifi, Malam. Korona ta shigo Kamaru ranar 6 ga Maris 2020. Binciken da ake magana a kai bai fito ba sai 2021, kuma a mujallar da ko likitoci ba kowa ke karantawa ba. A Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ba da shawarar a jinkirta aikin haƙori da ba na gaggawa ba a wuraren da cutar take yaɗuwa, don injinan da muke aiki da su suna fesa miyau a iska. Ko da ka kai shi a lokacin, mai yiwuwa a ce ku dawo daga baya. Kun kai shi asibiti, kun nema masa oksijin a lokacin da samunsa ba ƙaramin aiki ba ne, kun yi abin da ɗa yake yi wa uba. Sauran kuma kwana ne ya ƙare.

Abu guda nake so ka ɗauka daga labarinsa saboda waɗanda suke raye: girgiɗin haƙoran nan da kuka ɗauka tsufa ne, mai yiwuwa sugan ne yake magana ta baki. Suga da dasashi kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa. Suga in ya hau, dasashi ya fi saurin lalacewa, ya fi wuyar warkewa. Dasashi in ya ruɓe, suga ya fi wuyar sauka. An gwada wannan sau da yawa: yi wa mai suga aikin dasashi yana sauke awon HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin suga na wata uku, da kusan 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu. Likitocin suga sun san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na sha tura mutum awon jini daga kujerata saboda yanayin bakinsa kawai, ƙuraje masu mugunya suna fitowa nan da can, baki a bushe, ya dawo da takarda sugansa ya yi sama bai taɓa sani ba.

Abin da za a yi wa Hajiya

Ka fara da awon suga, da safe kafin ta ci komai, a auna hawan jini a tafiya guda. Cibiyoyin lafiya na unguwa da yawa suna yin wannan, har wasu shagunan magani. In da hali a yi HbA1c. Ka tattara duk magungunan da take sha a leda ka tafi da su, don wasu magungunan hawan jini, irin su amlodifin da nifedifin, suna sa dasashi ya kumbura ya hau kan haƙori, masu tsinka jini kuma irin su asfirin suna ƙara zubar jinin. Kada ta daina shan ko ɗaya da kanta. Likitan da ya rubuta shi ne zai canza in da bukata.

Daga nan sai wurin likitan haƙori. A Garwa kuna da su a manyan asibitoci da kuma masu zaman kansu. Mutanen ƙauyukan Binuwai da na can wajen Marwa da Kusiri su ne suke shan doguwar tafiya, domin yawancin likitocin haƙorin ƙasar nan suna Yawunde da Duwala, abin da yake damuna ƙwarai. Abin da za ka nema shi ne a auna dasashin, a ɗauki hoto, a yi kankarar dutsen, wadda a asibiti za ka ji ana cewa detartaraj. Wanda ake yi sama-sama don haƙori ya yi fari bai wadatar ba. Sai an shiga ƙarƙashin dasashi an kankare jikin saiwar, wani lokaci da allurar kashe zafi, a zama biyu ko fiye. Bayan mako shida zuwa takwas a sake aunawa.

Zan gaya maka tun yanzu abin da Hajiya za ta ce bayan an gama, don kusan kowa yana faɗa: "An buɗe mini haƙora, iska tana shiga, sun fi da motsi." Daga nan maƙwabta su ce ai dama wankin asibiti yana zubar da haƙori. Ba haka ba ne. Giɓin yana nan tun da, dutse ne ya cike shi, kumburi ya rufe shi. Dutsen da ake gani kamar yana riƙe da haƙoran shi ne yake cinye ƙashin da ke ƙarƙashinsu. Tsamin haƙori da ruwan sanyi yana lafawa cikin 'yan makonni, motsin ma sau da yawa yana raguwa in kumburin ya sauka. Ƙashin da ya riga ya tafi dai ba ya dawowa, abin da muke yi shi ne tsayar da ɓarnar inda ta kai. Haƙoran nan biyu, ko za su tsira ko sai an cire, hoto ne zai faɗa. In sauran ƙashin ya kai, ana iya ɗaure su da na kusa da su da siririyar waya. In haƙori yana lilo ta ko'ina, yana nutsewa in an danna, yana fitar da mugunya, cire shi ya fi alheri, kuma a asibiti, ba a hannun mai cire haƙori na ranar kasuwa ba, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin ƙarfen da ba a dafa ba.

Kada ka saya mata maganin kashe bakteriya irin su amoksisilin ko metronidazol a teburin mai magani. Za ta ji sauƙi na mako biyu, ciwon ya dawo, don ƙwayoyin suna maƙale a jikin dutse inda magani ba ya kaiwa. Haka nan kada a ɗora asfirin ko kanwa ko garin taba a kan dasashi, suna ƙona naman. Gawayi da toka da gishiri tsagwaronsa suna kankare haƙori su bar ainihin dattin a gindinsa. Ruwan ɗumi da ɗan gishiri don kurkure baki ba laifi.

Asuwaki kuwa kada ta bari. Mutane da yawa in suka ga jini sai su daina taɓa wurin, alhali wurin da ke jini shi ya fi bukatar wanki. Asuwaki sunna ce, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito sananne ne, cewa ba don gudun tsananta wa al'umma ba da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su da yin sa a kowace salla. Ta fuskar likitanci ma, in an iya shi, yana cire datti sosai. Matsalar yadda ake yin sa ne. Yawancin mutane suna goga fuskar haƙoran gaba ne da ƙarfi, hagu da dama, suna tafiya suna hira, har dasashi ya janye, ba su taɓa kaiwa bayan haƙori ko turamen ciki ba. A tauna bakin icen har ya yi laushi sosai, a riƙa yanke tsohon bakin, a ɗora shi daidai inda haƙori ya haɗu da dasashi, a share daga dasashi zuwa tsinin haƙori, ɗaya bayan ɗaya, waje da ciki. Da dare kafin barci ta ƙara da buroshi mai laushi da man goge haƙori mai fulorayid, minti biyu. Tsakanin haƙora, inda giɓi ya buɗe, akwai ɗan ƙaramin buroshi da ake sayarwa don wurin, ya fi tsinken tsintsiya da ashana. In ta dage, jinin zai ragu cikin mako ɗaya zuwa biyu, amma raguwarsa ba ta ɗauke zuwa asibiti ba.

Goro shi kansa rina haƙori yake yi, ba shi ne tushen ciwon ba. Taba ce babbar abokiyar gaba, ta sha da ta gari da ake cusawa a leɓe. Mashayin sigari dasashinsa ba ya ma yawan jini, don taba tana matse jijiyoyin, sai ciwon ya ɓuya har haƙori ya fara zuba. Shayinmu mai suga kamar zuma, kofi bayan kofi, shi kuma yana aiki ta wajen ruɓar haƙori da ta wajen sugan jini.

In ciwon ƙirji ya zo

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma ƙwayar tana nan tana yawo, kuma tsofaffi da masu suga su ne har yanzu take kayarwa. Gyaran baki ba ya hana kamuwa da ita, ba ya kuma maye gurbin rigakafi. Ka tambayi cibiyar lafiyarku ko akwai allurar ga masu shekarun Hajiya. Ruwan kurkure baki da aka yi ta tallatawa a lokacin annobar yana iya rage ƙwayar a miyau na ɗan lokaci kaɗan, ba a nuna yana hana ciwon ko yana warkar da shi ba. Irin wanda ke da sinadarin kulohesidin muna rubuta shi na mako ɗaya zuwa biyu bayan aiki. In aka daɗe ana yi yana baƙanta haƙori ya dusashe ɗanɗano.

In Hajiya ko wani tsoho a gidanku ya kwanta, da korona ko da wani ciwon, a gida ko a asibiti, cikin masu jinya a sa mutum guda ya ɗauki wankin baki a matsayin aikinsa, safe da dare. A asibitocinmu dangi ne suke wannan hidimar, kuma na lura ana wanke jiki, a canza zane, a shafa mai, baki kuwa ba a taɓa shi sai dai a zuba kunu. A ɗaga kan marar lafiyan ya zama a jingine, a juya fuskarsa gefe, a wanke hannu, a sa safar hannu da takunkumi in ciwon mai yaɗuwa ne. A ɗauki buroshi mai laushi da man da bai wuce ƙwayar wake ba, a bi haƙoran a hankali, a share harshe. In ba ya iya tofarwa, kada a zuba masa ruwa a baki. A naɗa bandeji mai tsabta a yatsa, a jiƙa, a matse, a share kumfar da dattin da ya taru a kumatu da ganɗa, a canza bandejin har ya fito fes. A shafa ɗan man kaɗanya a leɓe, sai dai in yana kan oksijin, a nan a bar duk wani mai maiƙo a tambayi ma'aikatan jinya abin da za a shafa. Mai haƙoran roba a cire masa su da dare a wanke. In yana sashen kulawa ta musamman da bututu a maƙogwaro, wannan aikin ma'aikata ne, amma ba laifi ka tambaye su cikin ladabi ko ana yi.

Akwai alamun da ba a jira da su. Kumburin fuska ko na ƙarƙashin haɓa tare da zazzaɓi, ko kasa buɗe baki, ko wuyar haɗiya, a tafi asibiti a ranar, ko da dare ne. Jinin dasashi da ke zuba da kansa ba a taɓa ba, tare da kasala, ɗashewar jiki ko tabo-tabo a fata, wannan awon jini yake bukata da gaggawa, don yana iya zama ciwon jini ne ba na baki ba. Mai suga kuma da ya tashi daga korona, musamman in an ba shi desametazon ko danginsa, in haƙoransa na sama suka fara motsi farat ɗaya, ko gefen fuska ya yi ciwo ya kumbura, ko aka ga baƙin tabo a ganɗa ko cikin hanci, a gaya wa likita nan take. Wannan alamar wani ciwo ne na ƙwayar funfuna mai saurin ci da ya addabi Indiya a 2021, kuma ana cin nasararsa ne kawai in an kama shi da wuri.

Duk abin da na faɗa a kan Hajiya daga bayaninka na gina shi, hoto da awon dasashi su ne za su nuna matakin da ciwon ya kai. In kun karɓo sakamakon sugan, ku tafi da shi wurin likitan haƙorin, domin in ya yi sama sosai zai so a fara sauke shi kafin a cire ko da haƙori ɗaya, kankarar dutsen kuwa galibi ana iya farawa tun a zaman farko. Ranar zuwa wurin likitan haƙorin, ku ci abincin safe, ta sha magungunanta kamar kullum kafin ku fita. A gaishe mini da Hajiya da jiki.